Yatsan Arlene a Ƙarƙashin Idon Hagu

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Desmond Tollefson ya zo gidana yau ba tare da ya buga waya ba. Shi ne shugaban rundunarmu ta nan Duluth, mu masu ƙera sulke da kwalkwali irin na masu gadin nan na tsohon fim ɗin yaƙin sararin samaniya, mu sa mu je asibitin yara da bukukuwan gari. Shekara uku rabonsa da ƙofata. Ya ƙi zama sai da na ce masa tsayuwarsa tana sa mini ciwon wuya.

"Tsoho, ka sha maganinka?" in ji shi.

"Duba ni ka zo yi, ko da magana ka zo?"

Ya fito da waya. Wani mutumin Ohio ya sayi kwalkwali ta shafina na intanet a watan Yuli. Ya kai wa mai tantance kaya na rundunarsu, kamar yadda kowa ke yi kafin a yarda ya fita cikin jama'a. Aka auna. Ya gaza da milimita uku a faɗi, bakin ramin idanu kuma ba shi da kaifi. Kowa a cikinmu ya san abin da wannan ke nufi. An ɗauki kwalkwalin da aka riga aka gama, an yi sabon mazubi daga jikinsa, an fitar da wani. Duk abin da aka haifa ta wannan hanya yakan fito a ɗan tsuke. Satar zubi muke ce masa. A wurinmu gara a ce ka ɗauke wa mutum mota. Wanda aka kama korarsa ake yi daga kowace runduna a ƙasar nan, a sa sunansa a jerin da ba a gogewa.

"Sunanka ne a kwalin," in ji Desmond. "Amma duniya ta shaida Lyle Brandvold ba ya kuskuren milimita uku. Wa yake kai maka kaya gidan waya?"

Ya san amsar. Kowa ya sani.

Sai ya nuna mini hoto na ƙarshe. A ƙarƙashin idon hagu akwai ɗan lotsawa mara zurfi, wadda sai haske ya zo ta gefe ake ganinta.

"Wannan fa? A mazubinka take?"

Na ce tabarauna yana sama. A aljihun rigata yake, kuma ya gan shi.

Za a yi zama ranar Asabar, 22 ga wata. Kafin nan an dakatar da Corinne. Yana kallon takalminsa ya faɗi sunan 'yata.

Kofi ya huce, ban sha ba.

Talata, ƙarfe uku na yamma

Na duba nawa kwalkwalin da ke kan kantar ɗakina. Yana nan inda yake, har da ƙurarsa.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Gara in rubuta labarin lotsawar, ko hankalina zai zauna.

A lokacin sanyi na 1998 na sassaƙa kwalkwalin da yumɓu a ɗakin ƙasa. Wata biyar ina tsayar da kaset ina auna fuskar talabijin da rula. Shekara talatin da ɗaya na yi ina sassaƙa samfuri a masana'antar zubin ƙarfe, don haka na san darajar milimita. Ni na fara lura cewa idon hagu na kwalkwalin fim ya fi na dama sauka kaɗan, domin da hannu aka yi na asali. Yanzu ba a amincewa da kwalkwali sai yana da wannan karkatar. Karkatar ma sai ta zama daidai. Wanda ba namu ba dariya yake yi in ya ji haka.

Wata ranar Lahadi matata Arlene ta kira ni cin abinci sau uku ban hau ba. Ta sauko da cokali a hannu, ta tsaya tana kallon yumɓun, sannan ta danna babban yatsanta a ƙarƙashin idon hagu.

"To, yanzu ya lalace," ta ce. "Zo ka ci abinci."

Kwana biyu ban yi mata magana ba. Daga baya na kasa gogewa. Na yi mazubin farko da yatsan nata a jiki, na zuba guda biyu, sannan na cike wurin na yi mazubi na biyu, wanda duk na sayarwa suke fitowa daga cikinsa. Mazubin farkon ya yage tun Arlene tana da rai.

Guda biyu. Ɗaya yana kan kantata. Ɗayan na ba Corinne ranar da ta cika sha shida.

Ba sai na ƙara komai ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Corinne ta zo kamar kowace Alhamis, da tiren dankali da nama. Ta kakkaɓe takalmi a ƙofa, ta sumbace ni a kan sanƙo.

"Baba, wa ya sa maka maɓallan nan? Ɗaya yana gabas, ɗaya yana yamma."

"Sabon yayi ne. Ke ba ki waye ba."

Ta kwance su ta sake ɗaurawa. Tun watan Satumba, da likita ya faɗi kalmar nan game da hannuna, take yin haka ba ta tambaya. Na dubi tsakiyar kanta, furfura ta fara. Shekararta arba'in da uku. Tun da aurenta ya mutu, rundunar nan ce gidanta. Ita ke tsara zuwa asibiti, ita ke rage wa sababbin shiga sulke ya zauna a jikinsu, ita ke riƙe da sunan duk wanda za a gayyata biki.

Muka ci. Ta yi maganar farashin tayar mota ta lokacin dusar ƙanƙara. Na yi maganar famfon bayi da ke ɗiga. Da za ta tafi ta tsaya a bakin matakalar ɗakin ƙasa.

"Akwai na aikawa?"

"Babu wannan makon."

"To."

Ta daɗe tana neman makullin mota, alhali yana hannunta.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da safe

Ban kira ta ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Desmond ya bugo. Tun da hoton ya bazu a dandalinmu na intanet, masu saye suka riƙa haska kwalkwalinsu da tocila ta gefe. Mutum huɗu sun ga lotsawar. Ɗaya daga cikinsu tun shekara biyu da suka wuce ya saya.

Shekara biyu.

Na sauka ɗakin ƙasa ina riƙe da bango, na zauna a gaban teburin aiki. A shekara biyun nan kwalkwali goma sha ɗaya na yi. Da hannuna na zuba, na goge, na fesa fenti, na sa a kwali, na rubuta adireshi. Da hannuna na miƙa mata. To in nata take aikawa, ina nawa suke?

Na buɗe dandalin, na karanta layi uku na rufe. Mutanen da ta ɗaure wa sulke a bayan mota cikin sanyi su ne suke rubuta mata waɗannan kalmomi. Wani ya ce ta ci amanar ubanta tun bai shiga kabari ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne na gyaɗa kai da na karanta.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Dusar ƙanƙara ta farko. Tafkin garin nan ya yi toka-toka. Hannun ya yi abin nan, rabin kofin ya tafi kan jarida.

Ban kira ta ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na ji tsayuwar mota. Na ji takun Corinne a dandamali. Na jira ƙararrawa.

Da na buɗe, tire ne kawai a ƙasa, an rufe shi da tawul. Yana da zafi.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da la'asar

Na je garejinta.

Rubutawa kam, ba yau ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan an taso daga coci, ko da yake ban je ba

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na hau bas, domin an karɓe mini tuƙi tun bara. Na san takan yi aikin safe ran Asabar, kuma makullin garejin yana wurina tun ranar da na kafa mata kantoci. Ban san abin da nake nema ba. Ina jin mazubin satar nake so in gani da idona, in samu abin da zan riƙe in yi fushi da shi.

Na gan shi. Yana kan tebur, an lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Aiki mai tsabta, layin haɗinsa ya fi nawa kyau. Kusa da shi kwalkwalin da na ba ta tana shekara sha shida.

Sai na ɗaga kai. A kantar sama kwalaye ne a jere, ba a buɗe ko ɗaya ba. Goma sha ɗaya. Rubutuna ne a jikinsu. Na farko ana karanta shi sosai. Na ƙarshe kamar kaza ta taka tawada.

Na ja na ƙarshen da sandata ya faɗo. Na ɗaga ƙofar garejin don haske ya shigo, na fitar da shi na ajiye kusa da nata.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Kuncin dama ya shige ciki, inda samfefa ta ci ta wuce. Layin goshi yana tafiya kamar hanyar maciji. Fenti ya zubo ya daskare a haɓa. Idon hagu ya sauka, amma ba saukar fim ba, irin ta mai shanyewar ɓarin fuska. Na buɗe na biyu. Na buɗe na uku. Na haƙura a na biyar.

Ni na yi su. Na riƙe kowanne a ƙarƙashin fitilar ɗakin ƙasa na ce ya yi. Yanzu na tuna lokacin da na daina amfani da ma'aunin ƙarfe: ya fara kaɗawa a hannuna, sai na jefa shi cikin aljihun tebur na ce wa kaina hannun da ya shekara hamsin yana aiki ba ya bukatar ma'auni.

A kan bokitin fenti ta same ni. Ta tsaya a ƙofa da jakar aikinta. Ta dubi kwalayen, ta dube ni.

"Da me ka zo?"

"Bas."

"Cikin wannan sanyi, ba hula."

"Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ajiye jakar. "In ce maka me, Baba? Tun rasuwar Mama ba abin da ke tayar da kai daga gado sai ɗakin ƙasan nan. Na farkon da ka ba ni a karkace na ce tsautsayi ne, na ce zan rufa sau ɗaya. Mazubinka yana ƙasan hancinka, ba yadda zan taɓa shi ba ka sani ba. Nawa ne kawai a hannuna."

"Kin san zai tsuke."

"Na sani."

"Kin san yatsan uwarki yana jiki."

"Na sa abin cikewa a wurin sau biyu," ta ce. "Sau biyu ina kankarewa."

Na ce mata za su kore ta. Ta ce ta sani. Ta ce ta riga ta shirya abin da za ta faɗa ran Asabar: kwaɗayi ne ya ja ta, ni ban san komai ba.

"Kada ka zo, Baba. Ni sai in koma saƙa, ko in sayi kare. Kai sunan nan kaɗai ya rage maka. Bar su su ci gaba da cewa ba ka kuskuren milimita uku."

Ta cire hularta ta ƙwama mini a kai, ta mayar da ni gida. Ba wanda ya kunna rediyo.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da rana

Na ɗauki rula da fensir na ja layi a farar takarda. Na sake ja. Na cika shafi.

Talata, 18 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Desmond ya sake bugowa, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata.

"Tsoho, akwai hanya. In mai sassaƙa ya ba da izini, ba sata ba ce. Ka rubuto mini layi ɗaya, ka ce kai ka ce ta yi. Sai in rufe maganar, kowa ya huta."

"Ban ce ta yi ba."

"Na sani. Wa zai bincika?"

"In na rubuta, za su tambayi dalili."

"Ka ce aiki ya yi maka yawa."

Na ce zan yi tunani. Hanya ce mai daɗi. Ita ta tsira, ni ma sunana ya tsira, kwalayen nan su zauna a kantar gareji har ranar da za ta kwashe su tare da rigunana. Sai dai mutum goma sha ɗaya su ci gaba da zaton aikin hannuna suka saya, ita kuma ta ci gaba da zuwa ran Alhamis tana tambaya ko akwai na aikawa, ni ina miƙa mata.

Wannan na ƙarshen ne na kasa haɗiyewa.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da safe

Na sauko da nawa daga kanta, na goge ƙurar. Na sa babban yatsana a wurin. Na Arlene ya fi nawa ƙanƙanta. Na manta da haka.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Tire a ƙofa. Da takarda a kai: "Kada ka zo."

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da rana

Na nemi jadawalin bas. Na zaɓi rigar da ba ta da maɓalli.

Asabar, 22 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da safe na biya ta garejinta bayan ta fita, na ɗauki kwali na ƙarshe. Direban bas ya taimake ni hawa da shi. A zauren ƙasa na cocin da muke haya ake zaman. Mutum talatin da wani abu, a kujerun ƙarfe, da tukunyar kofi a kusurwa. Ba wanda ya sa sulke. Sai na ga kamar ban san fuskokinsu ba.

Corinne tana tsaye a gaba, ta riga ta fara. Na ji ta ce, "Mahaifina bai san komai ba." Sai ta gan ni a matakala. Ta rufe ido.

Matakala goma sha huɗu ce, na ɗau lokaci. Na ajiye kwalin a teburin da ke gaban Tobias Lindgren, mai tantance kayanmu, wanda ni na koya wa riƙe ma'auni. Na ce masa wani ne ya aiko, yana so a duba masa.

"Yanzu, Dattijo?"

"Yanzu."

Ya buɗe ya fitar. Bai ma taɓa ma'auninsa ba, dariya ta ƙwace masa.

"Wane ne ya yi wannan? A tanda ya gasa shi?"

Wasu suka yi dariya a baya.

"Ni ne," na ce. "Watan jiya. Akwai goma irinsa a garejinta."

Dariya ta ɗauke. Tukunyar kofi kawai ke ƙara. Tobias ya ajiye kwalkwalin a hankali kamar ƙwai, kunnuwansa sun yi ja.

Na ɗaga hannun dama na bar shi ya yi abin da yake yi, a gaban kowa. Na faɗi kalmar da likita ya faɗa. A nan ba zan rubuta ta ba, sau ɗaya ya isa. Na ce ban ba ta izini ba, domin ba ta tambaya ba, kuma da ta tambaya da na kore ta daga gidana. Na ce ta yi satar zubi, gaskiya ne. Amma in za a sa suna a jerin nan, a fara da wanda ya shekara biyu yana sa waɗannan a kwali yana rubuta adireshin mutane.

"Baba, zauna," ta ce.

"Ban gama ba."

"Ƙafarka ta gama."

Gaskiyarta. Desmond ya turo kujera.

Sun yi fiye da awa suna gardama. Wata mata da na ga rubutunta a dandali ta ce doka doka ce, ba a yi ta don a riƙa lanƙwasawa ba. Ban ji haushinta ba, ni ma da haka zan ce. A ƙarshe aka ɗaga hannu. Ba kora, ba jeri. Dakatarwa ta wata shida. Za a fasa mazubin gareji a gaban Tobias. Za mu rubuta wa mutum goma sha ɗayan mu gaya musu gaskiya, duk mai so a sake masa. Ni kuma na faɗa a gaban shaidu cewa daga yau samfurin nata ne, da sunan, da ɗakin ƙasan.

Da muna fita Tobias ya biyo ni. "Dattijo, ka yafe mini maganar tanda."

"Da ka ce ya yi kyau da na karɓe ma'aunin," na ce.

Ta kawo ni gida a motarta. Ta kashe injin.

"Na ce kada ka zo."

"Ni ma uwarki ta sha ce mini abubuwa ban ji ba."

Litinin, 24 ga Nuwamba, da safe

Na tashi ƙarfe bakwai kamar kullum, na kai bakin matakalar ɗakin ƙasa. Na tsaya. Na koma na zauna.

Talata, 25 ga Nuwamba, da rana

Haka ma yau. Mutumin Ohio ya amsa wasiƙa. Yana so a sake masa, amma ya ce ba zai mayar da na farkon ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, ranar bikin godiya na ƙasar nan, ƙarfe shida na yamma

Ta buga ƙararrawa yau. Ta shigo da rabin talotalo da buhun yumɓu. Ta ce ta duba mazubina na biyu, shi ma ya tsufa, ba zai fitar da goma sha ɗaya ba. Sai an sake sassaƙa daga tushe.

Ta sa naman a tanda ta sauka ƙasa. Ta ce in zo in riƙe mata hotuna. Na zauna a kan kujera ina gaya mata inda ta wuce da inda ta gaza, ita tana riƙe da ma'auni. Sau biyu na faɗa kafin ta auna, kuma sau biyu na yi daidai. Na ga gefen bakinta ya motsa.

Ƙarfe uku na hau na duba tanda. Na kira ta. Ta ce tana zuwa. Na jera faranti, ɗaya ya fashe. Na sake kira. Ta ce saura kaɗan. Na kira na uku, ko amsawa ba ta yi ba.

Na sauka ina riƙe da bango. Ta sunkuya a kan yumɓun, harshe a gefen baki, ba ta ma ji ni ba. Fuskar ta fara fitowa, goshi da ramukan idanu. Na miƙa hannu na danna babban yatsana a ƙarƙashin idon dama.

Hannun ya yi abin nan. Maimakon lotsawa ɗaya, uku suka fito, a jere.

Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki wuƙar gyara, ta kai ta kusa, ta ajiye.

"Wannan ba zai wuce wurin Tobias ba."

"Na sani."

"Biyu za mu zuba," ta ce, "sannan mu cike."

"Nama yana hucewa," na ce.